Mashin ɗin Baba ya tashi

Jama'a, yau saura ƙiris gidanmu ya kama da wuta!

Mashin ɗin Baba shekara biyu yana jingine a zaure tun rasuwarsa. Na turo shi tsakar gida zan je Makarfi. Ina buɗe mai, sai fetur shaaa daga kafireto, ya nufi murhun Inna! Na yi wuf na rufe.

Na kira Malam Sale bakanike. Ya ce, "Miƙo min tsinken tsintsiya." Ya zura a siririn tiyon iska na kafireton, sai ga busasshiyar laka. Ashe zanzaro ne ya yi gini a ciki ya toshe shi!

Bugu ɗaya mashin ya tashi, alhamdulillahi!

Inna ta fito da sauri, ta tsaya. Ta ce, "Wallahi na zaci babanku ne ya dawo daga gona."