Abin da Santo Ya Yi a Taiwan

A garin Lipa kowa ya san Crisanto Dimaculangan, amma Santo Taiwan ake ce masa. Sana'arsa sauya wa teburan wasan sunuka ƙyalle. Yana yawo a tsohon babur da ƙunshin koren yadi a baya, kuma duk gidan wasan da ya shiga sai samari su miƙe su ba shi kujera, don an ce a ƙuruciyarsa ya je gasa Taiwan, ya shekara huɗu yana karawa da manya, ya dawo ya gina gida. Shi dai bai taɓa faɗin haka da bakinsa ba. In ana labarin a gabansa sai ya sunkuyar da kai yana goga alli a bakin sandar buga sunuka, mutane su ce kawaici ne.

Shi ya koya wa Luningning, 'yar ƙanwarsa Perlita, riƙon sanda tun tana taka akwatin lemo kafin ta kai tebur. Da ta cika shekara sha tara ba mai ja da ita a Lipa, mace ko namiji. Sai ta ce ta bar makarantar koyon jinya, sunuka za ta sa a gaba.

Ran Lahadi bayan an taso daga coci, Perlita ta jawo ta har gidansa. Suka tarar yana cin shinkafa.

"Yaya, kai ka sa mata wannan abin a rai," in ji Perlita. "To gaya mata gaskiya, ana cin abinci da shi?"

"Ga shi kuwa Kawu ya ci," in ji Luningning. "Gidan nan da me aka gina shi?"

Santo ya ture kwanon gefe. Ya ji kunnuwansa sun ɗau zafi. Ya dubi yarinyar, ya ga ko shakka ba ta yi, kuma wannan ne ya fi damunsa.

"Da yankan kifi aka gina shi," ya ce.

Suka zuba masa ido.

"Wasa biyu kawai na buga. Ran farko aka fitar da ni. Kin tuna, Perlita, da ganga aka raka ni tashar mota. Na rasa da wace fuska zan dawo, sai na tsaya a wani kamfani a bakin teku ina feɗe kifi. Mu shida muka tafi, sauran duk sun fi ni hannu. Mutum ɗaya ne ya riƙe kansa da sanda, shi ma sai da ya haɗa da caca."

"Innarmu ta rasu tana gaya wa mutane ɗanta zakara ne," in ji Perlita a hankali.

"Na sani."

Luningning ta miƙe. "Shekara goma kana jina ina cewa kamarka nake so in zama, Kawu. Ko sau ɗaya ba ka ce uffan ba."

Ta fita, uwar ta bi ta.

Ba wadda ta tona masa asiri a cikinsu. Santo ya so a ce sun yi, da ya huta da gaisuwar girman da ake masa a titi. Sau biyu yana niyyar faɗa wa samarin gidan wasa, yana buɗe baki sai ya ɓige da zancen ƙyalle.

Yarinyar ba ta koma makaranta ba. Ta tafi Manila, da safe tana tsaron wani kantin magani, da rana tana atisaye. Cikin shekara biyu sau ɗaya ta kai kusa da ƙarshe a wata gasa. Uwarta take kira a waya, daga bakin Perlita yake jin labarinta.

Da Kirsimeti ta zo gida. Ta kama hannunsa ta ɗora a goshinta kamar yadda ake gaida manya, sannan ta miƙa masa sandarta.

"Fatar bakin ta saki, Kawu. 'Yan Manila ba su iya ba."

Ya karɓa, ya ɗauko gam da reza. Ta zauna a kan benci tana kallon hannunsa har ya gama, shi kuwa bai yarda sun haɗa ido ba.