Ɗanbaba da Siririn Kwando

Duk Bahaushen da ya kwana biyu a Doha ya san Ɗanbaba, domin ko ba ka neme shi ba gaisuwarsa za ta same ka. Mutumin Kazaure ne, injiniyan na'urorin sanyaya gine-gine, gajere mai tumbi, da hular da ko a zafin watan Agusta ba ta barin kansa. Kakarsa ce ta raine shi, tsohuwar da in yaro ya wuce ta da guntuwar gaisuwa sai ta sa a kamo shi ya sake biyo hanyar. Haka ya tashi yana ganin gaisuwar da aka yanke a tsakiya kamar alwalar da aka bar ƙafa ce.

Farkon zuwansa Doha ya sha wuya. Sai ya shiga lif a gidan da yake haya a unguwar Nu'aija, ya yi sallama, ya tambayi gajiya, ya tambayi iyali, mutane su kafa wa lambobin bene ido. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, har akwai lokacin da yake tsayawa ya gaida kyanwar da ke kwana a ƙarƙashin motarsa, don dai kada bakinsa ya yi tsami. Amma hali zanen dutse ne. Da naci ya koya wa mai gadi ɗan Nepal "lafiya lau", ya koya wa mai guga "sai godiya", har aka kai ga rabin unguwar in sun hango hular sukan riga shi buɗe baki.

Abin mamaki, babban amininsa mutum ne da bai san darajar gaisuwa ba. Jamaldeen Bawah ɗan Zangon Kumasi ne, mai kula da sito a wani kamfanin kayan gini, dogo, mara yawan magana. Gaisuwarsa gaba ɗaya "Yaya?" ce, kuma ba ya jiran amsa. Amma shi ne ya yi jinyar Ɗanbaba da zazzaɓi ya kayar da shi kafin iyalinsa su iso, shi ne kuma ya ja shi filin wasa da likita ya ce tumbin nan ya wuce gona da iri.

Wasan shi ne wanda Turawa ke kira disc golf. Faifan roba ake jifa daga nesa, a bi shi, a sake jifa, har a cusa shi cikin wani kwandon ƙarfe da ke kan sanda, wanda sarƙoƙi ke reto a samansa don su tare faifan ya faɗa ciki. Ɗanbaba ya so wasan nan take, saboda babu gudu a cikinsa. Duk safiyar Juma'a su biyu suke haɗa gwiwa a wani fili wajen Mesaimeer. Bawah ya yi jifan nesa, Ɗanbaba ya ƙarasa na kusa da kwando. Kuma duk Juma'a su ne na ƙarshe, domin faifan Ɗanbaba ya shiga ciyawa, ya shiga kwandon shara, ya taɓa shiga jakar wata mata, amma kwandon da aka kafa dominsa sai dai ya yi masa kallon nesa.

Wata rana Bawah ya kashe mota ya ce, "Alhaji, na gaji. Akwai wani ɗan Filifin, hannunshi kamar awo, yana ta bi na mu haɗa. Gasa na zuwa. In mun zo na ƙarshe kuma, khalas, mun rabu."

Ɗanbaba ya yi dariyar yaƙe. Kofin gasar bai dame shi ba. Juma'ar da babu Bawah a cikinta ce ba ya son ko tunaninta.

Da yake laifi tudu ne, sai ya taka nasa ya hango na kwando. Ya ce kwandon filin ya cika faɗi, shi ya sa ido yake rasa inda zai tsaya. Ya tafi wani shagon kayan wasanni a Al Mirqab, ya gaida mai shagon har mutumin ya ɗauka taimako ya zo nema, sannan ya ce a nuna masa kwandunan koyo. Aka fito da mai faɗi irin na fili, ya ce wannan ko makaho ya jefa. Aka fito da matsakaici, ya zagaya shi ya taɓe baki. Daga can lungu aka jawo wani siriri, sarƙoƙinsa a tsuke jikin sanda, faɗinsa da kaɗan ya fi na faifan. Mai shagon ya ce wannan na gwanaye ne, in ba tsakiya ka buga ba tofo maka faifan yake yi. Ɗanbaba ya sa faifai a bakinsa ya gwada, ya ja da baya ya kanne ido ɗaya, ya girgiza sandar ya ji ko gindinta na rawa. Ya ce, "Wanda ya iya zura zare a allura, ƙofar zaure ba ta ba shi tsoro. Naɗe mini shi."

Ya kafa shi a saman bene, tsakanin tankin ruwa da igiyar shanya. Kullum bayan asuba yana can. Abin kamar wasa hannu ya faɗa, sarƙa ta riƙa amsawa, har ya fara tafiya yana buɗa kafaɗa. Juma'a ta zo ya je fili, ya ɗaga hannu, faifai ya wuce kwando ya sami keken wani yaro.

Matarsa Hafiza ce ta gano inda gizo ke saƙar. Ta hau bene da shayi wata safiya, ta same shi ya saita hannu, ta ce, "Sannu da aiki, Abban Fiddausi." Ya waigo da jikinsa duka ya ce, "Yawwa, sannunki," faifan kuwa ya tafi ya kwanta a barandar gidan maƙwabta.

Ta ajiye shayin. "A filin naku, mutane na wucewa?"

"Hanyar masu motsa jiki ce. Duk mutanenmu nan suke bi."

"Suna gaishe ka?"

"To da zagina za su yi?"

"Kai kuma kana amsawa da faifai a hannu."

Ya ce ai ba zai yiwu mutum ya gaishe shi ya yi kunnen uwar shegu ba, kakarsa sai ta motsa a kabari. Hafiza ta ce ba wanda ya ce ya daina amsawa, bakinsa ne zai amsa, wuya ya zauna inda yake. Daga ranar ta ɗauki aikin. Takan tsaya a bayansa ta fara daga "ina kwana", ta bi ta gajiya, ta sanyi, ta aiki, ta mutanen gida, yana amsawa yana jifa. Kafin sanyi ya kankama Ɗanbaba ya zama abin tsoro. Yana cewa "sai godiya" za ka ji sarƙar siririn kwando ta yi ƙara.

Ana wata ga wata. Masu shirya gasar suka kai ta wani fili a bayan gari, inda ko tsuntsu ba ya bi, kuma suka ce duk wanda zai yi jifan kusa a yi masa tsit. Ɗanbaba ya tsaya gaban kwandon farko, ga shi da faɗi kamar kwandon tumatir, ya ɗaga hannu ya jira. Ba wanda ya ce masa komai. Hannun ya sandare, ya saki faifan kamar mai miƙa sadaka, ya faɗi a gabansa. Haka aka yi ta yi duk safiyar. Jifan Bawah ne kawai ya riƙe su, har suka iso kwandon ƙarshe kunnen doki da wasu tsofaffi biyu masu ciwon gwiwa. In ya shiga sun tsira, in ya kuskure su ne kurar baya. Ɗan Filifin ɗin nan yana gefe yana shan ruwa.

Ɗanbaba ya tsaya, gumi ya jiƙa bakin hular. Bai waigo ba ya ce a hankali, "Malam Bawah, gaishe ni."

"Me?"

"Ka gaishe ni, don Allah."

Bawah ya dubi jama'a, ya dubi sama. "Yaya?"

"Wannan ba za ta kai kwando ba. Tun daga farko."

Bawah ya yi gyaran murya kamar wanda aka sa ya ɗaga buhun siminti. "Ina kwana."

"Lafiya lau."

"Ina... gajiya."

"Ba gajiya."

Nan kayan Bawah suka ƙare. Ya sosa ƙeya, alƙalin wasa ya fara duban agogo. Can sai ya ce, da wata murya da Ɗanbaba bai san yana da ita ba, "Yaya Hajiya a Kazaure? Ƙafan nan nata da ya kumbura, ya sauka?"

Tun da bazara Ɗanbaba ya ba shi labarin ƙafar mahaifiyarsa, a mota, Bawah na ta faman neman wurin fakin bai ce uffan ba. Ashe ya ji, ashe ya riƙe. Idon Ɗanbaba ya kawo ruwa har kwandon ya zama biyu, ya zaɓi tsakiyarsu.

"Da sauƙi, alhamdu lillahi," in ji shi, ya saki faifan. Sarƙa ta amsa.

Sun zo na biyun ƙarshe, suka rungume juna kamar sun ci kofin duniya, tsofaffin nan biyu har da tafa musu. Ɗan Filifin ya matso wajen Bawah da murmushi, Bawah ya ce masa yana da abokin wasa.

A hanyar komawa, bayan sun shigo gari, Bawah na kallon titi ya ce, "Alhaji, saboda Juma'a mai zuwa. Bayan ina gajiya, mene ke bi?"

Ɗanbaba ya gyara zaman hula, ya juyo da jikinsa duka, ya ce ai ba a fara ta daga tsakiya. Har suka wuce kwanar Nu'aija ba su kai kan mutanen gida ba, Bawah kuwa bai juya motar ba.