Hular Aljan da Igiyar Nomau

Na ajiye aiki da daɗewa, amma ranar da ba ta taɓa fita raina ba ita ce wata Laraba cikin bazara, a shekarata ta biyu ina kula da ƙofar ruwa a dam. Ku yaran yanzu kuna cewa Malam Isa ya cika masifa in ya ga an miƙa wa kowa igiyar mai nutso. To ku ji mafarin masifar.

Ga wanda bai san aikin ba, ruwan da manoman rani ke ba shinkafa har Bakura ta ƙofarmu yake fita. A bakin ƙofar, can ƙasa, akwai ragar ƙarfe mai tare itace da ciyawa. In ta toshe sai a rufe ƙofa, mai nutso ya sauka ya share ta da hannu. Ba tukunyar iska, daga numfashinsa sai igiya a kugu. In ya ja igiyar sau ɗaya, lafiya yake. In ya ja sau uku, a fito da shi. In bai ja ba, ba ka ja, domin yana ratsa rassan itace igiyar na bin sa, kana ja ka ɗaure shi a ƙasa.

Mai nutsonmu Nomau ne, wani dattijon basarke, ɗan gidan masu sana'ar ruwa, daga wajen Maradun, wanda sai ka yi masa magana goma ya ba ka ɗaya. Ƙanensa Ige ke riƙe masa igiya.

A makon da abin ya faru ruwa ya yi ɗumi, iska ta kwanta. Sai ga wasu abubuwa sun cika saman ruwa, kowanne bai fi murfin kwalba ba, garai-garai kamar leda, da zare-zare a gefe. Suna buɗewa suna rufewa, ba ido, ba baki, ba ƙashi. Wani masunci ya ɗora ɗaya a kan dutse, kafin a gama gaisawa ya narke, sai danshi. Nan take masunta suka raɗa musu hular aljan, kowa ya janye kwalekwalensa.

Direbanmu, Allah ya shirye shi, shi ya ƙarasa ni. Ya nuna mini bidiyo a wayarsa: irinsu ne sak, amma a can ƙasan teku inda rana ba ta kaiwa, manya-manya, suna walƙiya cikin duhu, zarensu ya fi mutum tsawo. Ya ce akwai wanda in ya shafe ka, ba ka kai gaɓa. Na yi dariya a gabansa, amma abin da na gani bai fita raina ba.

Ana haka raga ta toshe. Injiniyan da ke shugabantar aikinmu ya taso daga Talata Mafara da safe, bayan doguwar gaisuwa ya ce, “Baba Nomau, shinkafa ta ɗau ciki. In ruwan ga bai tahi ba, mutane sun yi noman banza.”

Ige ya ce, “Aradu ba ni kusantar ruwan ga sai abin ga ya wuce.” Ya koma gindin bishiya ya zauna.

Nomau ya je ya leƙa ruwan. Can ya ce, “Ni dai ban san su ba, ubana bai gwada min su ba. Amma za ni shiga. Wa ka riƙa min igiya?”

Injiniya ya dube ni. Ina ƙaramin ma'aikaci, kunya ta hana ni cewa ina tsoro. Na karɓa. Nomau ya ɗaura igiyar, ya ce, “Malam Isa, ka san doka. In ban ja ba, kak ka ja.” Ya yi bisimilla ya nutse.

Jim kaɗan na ji ya ja sau ɗaya. Sai shiru. Da yake ƙofa a rufe take, ruwan wurin ba ya motsi, sai hulunan nan suka yi ta taruwa daidai inda ya shiga, har na daina ganin inda igiya ta nutse. Suna ta buɗewa da rufewa, ba ƙara ko kaɗan. Ni kuwa ba ruwan dam nake gani ba, abin da ke cikin wayar direba nake gani ya nannaɗe Nomau a ƙasa. Sai ɗaya ya maƙalo a igiya ya taɓa mini wuyan hannu, sanyi, santsi. Daga nan hankalina ya gushe, na fara ja.

Injiniya ya daka tsawa, “Ya ja sau uku?” Ni dai ja kawai nake. Igiya ta yi nauyi ta cije, na kafa ƙafa na ƙara ƙarfi. Ige ya taso a guje yana ihu, “Saki! Saki igiyar, kana kashe shi!” Kafin ya iso, igiyar ta saki gaba ɗaya, na faɗi da baya. Muka janyo ta, ba kowa a jikinta, bakinta a yanke.

Ban san tsawon lokacin da muka yi a tsaye ba. Ige na ta salati. Abin da ke raina kawai shi ne da wane baki zan gaya wa iyalinsa.

Sai ga kai ya ɓullo can jikin bangon dam. Nomau ne, wuƙa a hannu, jini na zuba ta hanci, hulunan na zamewa daga kafaɗunsa. Aka fito da shi, ya daɗe yana tari. Na duba jikinsa, ba tabon komai sai shatar igiyata a kugunsa, fata ta saluɓe. Ashe da na ja, na matse shi jikin wani reshe, da ƙyar ya kai hannu ga wuƙarsa.

Na durƙusa na ce, “Baba, na ɗauka sun kama ka ne.”

Ya ce, “Su? Kamar ƙaiƙayi kaɗai na ji. Abin da yak kama ni bisa tudu shike.”

Bai zage ni ba, da ma ya zage ni. Da ya huta ya ce aikin bai ƙare ba, a kawo sabuwar igiya. Na miƙa hannu, Ige ma ya miƙa. Ya wuce mu duka, ya ɗaure bakin igiyar a ƙarfen gadar da ke saman ƙofar ruwan. Injiniya ya ce, “Baba, in ka ja sau uku hwa, wa ka hiddo ka?”

Ya ce, “Na hiddo kaina. Ƙarhe dai ba shi jin tsoro.”

Kafin azahar ruwa ya kama hanyar Bakura. Daga baya wani jami'in kifi ya ce mana dangin na teku ne, amma na ruwan daɗi ba su da ƙarfin cutar da mutum, kuma ba a yi mako biyu ba suka ɓace yadda suka zo.

Abin da na koya ke nan: a aikin nan, wanda ke ƙarƙashin ruwa ya san abin da ke gabansa, na kan tudu shi ke ƙirƙira. In kana tsoro, faɗi, a ba wani igiyar. Ni da Nomau mun ƙara shekaru muna aiki tare, muna gaisawa har da raha, ya zo sunan 'yata. Amma har ya rasu bai sake ba ni igiyarsa ba.