Raƙiya da dosiyen ɗan fari

Duk wanda ya taɓa shiga harabar kotu a Tawa ya ga Raƙiya, ko da bai san sunanta ba. Gajeruwa ce, da tabarau rataye a wuya, kullum rungume da takardu kamar wadda aka ba ajiyar jaririn wata. Shekara goma sha bakwai ke nan tana aiki a biron masu gabatar da ƙara na gwamnati. Ni na riga ta zuwa wurin, sai dai nawa biron a gindin itacen bedi yake, bakin ƙofa, inda nake sayar da kwaɗon zogale ga masu laifi da masu kama su.

'Yar badukun unguwarmu ce. Ubanta ya sa ta lakwal, wato makarantar boko, mutane suna dariya, har ta kai Yamai ta yi shekara biyu tana karatun shari'a. Tsohon ya rasu, ta dawo riƙon ƙanne. Da ta ƙarasa karatun, da yau ita ake miƙe wa tsaye. Yanzu ita ke miƙe wa samarin da ta isa ta goya. Mijinta yana Abijan, yakan zo shekara biyu sau ɗaya ya duba ko gidan na nan inda ya bar shi.

Aikinta kuwa, jandarma su kawo rahoto, ta karɓa ta sa lamba, ta ɗinke dosiye, wato tarin takardun shari'ar mutum, ta rubuta sammaci. Ita ke tuna wa manya ranar da wa'adin tsare mutum zai cika, ita ce tafinta in mutanen ƙauye sun zo. Manya su sa hannu a ƙasa, a ce sun yi ƙoƙari.

Bara da bazara aka kawo wani manomi daga wani ƙauye bayan Barmu, sunansa Sadiƙu. Wai ranar kasuwa ya kore shanu uku na wani makiyayi. Shaidar ita ce wani ya hango mutum daga nesa da shuɗin rawani. Shuɗin rawani, a ƙasarmu ta Adar! In da haka ake kamu, da ba a bar mana namiji ko na jan guga ba.

Sadiƙu ya ce ranar yana gidan uwarsa tun safe har la'asar, yana yi mata yaɓen rumbu kafin ruwa ya sauka. Sai wani jandarma ya tafi ƙauyen da shi. Ya tara jama'a a ƙofar mai gari, da surukai da 'yan kallo, ya sa aka kira tsohuwar, Habsatu. Ya nuna mata mutum da ankwa a hannu ya ce, wannan ɗanki ne? Yana wurinki ranar kasuwa?

Habsatu ta ja mayafi, ta kau da kai ta ce, "Ni ban gan shi ba. Ina ruwana da shi."

Jandarman ya rubuta da Faransanci mai kyau cewa uwar wanda ake tuhuma ta ce ba ta gan shi ba. Ta dangwala yatsa. Aka wuce da Sadiƙu gidan kaso.

To, Sadiƙu ɗan farinta ne. Duk wanda ya sha nonon Bahaushiya ya san uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta kallonsa cikin mutane, ba ta yarda ta san da zamansa. Ko wuta ta kama rigarsa, sai dai ta ce wa wata, je ki kashe wa wancan. Jandarman nan ma ya sani, ba daga sama ya faɗo ba. Amma akwai kawunan da in hula ta hau su, abin da ke ciki sai ya zube ta kunne.

Wata shida ba wanda ya sake buɗe dosiyen. Damina ta zo ta wuce. Matarsa Mariama ce ke zuwa duk Juma'a da ƙwaryar fura, in ta fito daga gidan kaso ta zauna gefen tirena ta huta. Wata rana ta ce mini surukarta ta bar cin abinci, ta koma kamar kara. Na ce, tsohuwar da ta ƙaryata ɗanta? Ta ce, "Iya, ta yaya za ta amsa shi gaban surukanta? Shi na na fari."

Da azahar Raƙiya ta fito cin abinci, na kira ta.

"Ke Madam Dosiye, zo nan. Takardu sunka toshe miki kunne, ko tabaran na?"

"Iya, in tsegumi na, aje mini sai an tashi."

"Tsegumi na, mai zafi. Zamna ki ji wanga."

Ta saurari Mariama har ƙarshe. Sannan ta ajiye kwanon da ko loma ba ta kai ba, ta koma ciki. Raƙiya ita ma 'yar fari ce. Uwarta ta mutu a hannunta tana ce mata "waccan".

Dosiyen yana hannun Mushe Muktari, wato Malam Muktari da Faransanci, mataimakin mai gabatar da ƙara, saurayi mai sa kwat ko da zafi na narkar da kwalta. Tagarsa a buɗe take, muryar Raƙiya kuwa ba ta neman lasifika.

"Madam, takarda ta ce uwar ta ƙaryata shi."

"Mushe, takarda ba ta ce ɗan fari ba ne. Kai na nawa ne a ɗakinku?"

"Wannan ba ya cikin aikinki."

"Aikina ɗinkin dosiye. Wanga kuwa na ɗinke shi da mutum a ciki."

Ya sallame ta. Washegari ya tarar da dosiyen Sadiƙu a saman tarin takardunsa, ya mayar da shi ƙasa. Washegari ya sake tarar da shi a sama. Sati uku suna haka, shi da duk digirinsa, ita da taurin kan badukai. A ƙarshe ya ce a kira tsohuwar. A rana ɗaya kuma ya ba Raƙiya wasiƙa, wai ta yi bayani a rubuce dalilin da ya sa take shiga abin da ya fi ƙarfin matsayinta. Allah wadai.

Aka kawo Habsatu a motar kasuwa. Raƙiya ta fitar da kowa daga biron, ta bar Muktari kaɗai, ta rufe ƙofa da taga. Sauran labarin daga bakinta na ji shi. Ba ta ce wa tsohuwar "ɗanki" ba ko sau ɗaya.

"Inna, rumbunki ya yi kyau, an ce. Wa ya yaɓe miki shi?"

"Yaro ya yaɓe."

"Wace rana?"

"Ran kasuwar Barmu. Don haka ban tai ba. Ni ka kai mishi ruwan kwaɓi, tun hantsi har la'asar."

Muktari ya ɗago kai ya ce, "Wane yaro? Yara nawa ke ƙauyen? Shari'a suna take so." A nan kam, ko da ba na ƙaunar kwat ɗinsa, yana da gaskiya. Habsatu ta sunkuyar da kai.

Raƙiya ta ce a nan haƙurinta ya ƙare, kuma ba ta san da wa take fushi ba, da tsohuwar ko da mai kwat ko da tata uwar da ke kabari. Ta durƙusa gaban Habsatu.

"Inna, dube ni. Kunyarki ta ci mishi wata bakwai. Gonarshi ciyawa ta ci ta. Surukan da kike jin nauyi suna gida suna shan fura, shi yana kwana cikin mutum arba'in. Faɗi sau guda. Ni ka rubutawa, kuma ba mai sake tambayarki har ki mutu."

Tsohuwar ta ɗago ta dube ta. Sannan ta rufe fuska da mayafi ta faɗi sunan da ta riƙe shekara talatin da huɗu a bayan haƙoranta.

Muktari ya ce, "Ban ji ba. Ta maimaita."

Ku ji fa. Ta maimaita! Raƙiya ta miƙe ta ce, "Ni na ji, kuma ni ce tafinta." Ta zauna ta buga shi a takarda. Muktari ya sa hannu a ƙasa.

Habsatu ta fito ta wuce ta gabana ba sallama, ta nufi tasha. Bayan kwana tara alƙali ya sa hannu aka saki Sadiƙu. Ba wanda ya ce masa yi haƙuri. Jandarman yana nan da hularsa, har na ji an ƙara masa igiya. Wasiƙar Raƙiya ma tana nan cikin nata dosiyen, za ta bi ta har ranar ritaya.

Ranar da ya fito, Sadiƙu ya zo gindin bedi ya tarar da Raƙiya tana cin zogale. Ƙaton mutum da gemu, ya tsuguna yana murza hula.

"Madam, an ce ta faɗi sunana."

"Ta faɗa."

"Yaya... yaya ta faɗe shi?"

Raƙiya ta dube shi ta ce, "A hankali. Sau guda. Tashi ka tai gida, kada mota ta bar ka."

Ya tafi gida. Ya tarar kowa ya girbe gero ya ɗaure, shi ko damin kara bai da shi, ga mata ga 'ya'ya huɗu. Sati biyu ya yi a ƙauyen. Mariama ta aiko mini cewa ya hau motar Agadas, neman abin da za su ci.