Yadda Mahaifiyata Ta Kama Aikin Gadin Barcina

Shekarun baya, lokacin da na fara aikin jinya, ni da mahaifiyata kaɗai ne a gidanmu na Wurno, don mahaifina ya rasu, yayyena kuma kowa ya kama gabansa. Duk satin da aikin dare ya faɗo kaina, da hantsi nake dawowa gida, ƙafafu sun kumbura, ido ya yi ja, ba abin da nake so a duniya sai katifa.

To, a unguwarmu mace mai lafiya ba ta rufe ɗaki da hantsi. Da maƙwabta suka ga ƙofata a rufe rana tsaka, sai suka yanke cewa ba ni da lafiya. Aka fara zuwa dubiya. Wannan ta zo da kunu, waccan da fura, har wata gwaggona ta taso takanas daga Dinawa da maganin shawara. Ni kuma da kunya kamar sabuwar amarya, sai in tashi in ɗaura ɗankwali in amsa gaisuwa. In sun ga lafiyata lau, sai a miƙo hannu: tunda an zo, a gwada hawan jini mana.

Na rame, na zama mai saurin fushi. Ni da nake yi wa marasa lafiya huɗubar a riƙa samun hutu, ni ce ke gyangyaɗi a kan sallaya. Da na ga abin zai kayar da ni, na nemi ɗaki a kwatas ɗin asibiti, aka ba ni. Sai dai komawa can na nufin in bar tsohuwa ita kaɗai a gida, abin da ya tsaya mini a rai ke nan.

Ranar da na gaya mata, tana tsintar wake. Ba ta ɗago ba, ta ce, "Kwana na kika nema, ko gudun gida?" Na ce barci kawai, Inna. Ta ce in ba ta sati guda.

Washegari da na dawo, na tarar ta shimfiɗa tabarma a zaure, ta baje wakenta. Turminmu ma ta sa an kai shi gidan maƙwabta, don kada ƙarar daka ta tashe ni. Ina kwance na ji sallamar wata dattijuwa, tana tambaya, "Mi as samu ɗiyar taki, har yau tana ɗaki?"

Mahaifiyata ta ce, "Lahiya tai mata yawa. Kwana takai. Ke in mai gidanki ya kwan ban-ruwan albasa hwadama yad dawo, tashe shi kikai ki gaishe shi?"

Matar ta yi dariya ta ce wa zai fara. Inna ta ce to wagga ma ban-ruwa ta kwana yi, mai son gwaji ta dawo bayan la'asar. Ban ji ƙarshen hirar ba, barci ya kwashe ni, sai kiran azahar na farka.

Haka ta riƙa tare masu dubiya, ta amsa gaisuwar a madadina, ta kuma shanye kunun. Kafin wata ya ƙare ni na murmure, ita ta yi kumatu. Na mayar da makullin kwatas ban taɓa kwana a ciki ba.

Na daɗe ina zaton gyara rayuwar mai aikin dare sai ta guje wa mutane. Ashe mutanen nan ƙauna ce ta kawo su, bayani kawai suka rasa, ni kuma kunya ta hana ni yi. Yanzu tsufa ya kama Inna, ni nake gwada mata hawan jini kullum da safe, amma har yau ba ta ajiye muƙaminta ba. Kwanan baya na ce ta koma ɗaki ta huta, zaure akwai sanyi. Ta gyara zama ta ce, "Ke kina tsaron ɗiyan mutane da dare, ni in tsare tawa da rana. Tahi ki kwanta."