Yaya Mudi da Ƙofar Asibitin da Aka Kulle

Bana shekara talatin ke nan da aka kai Yaya Mudi makwancinsa. Ni ce ƙanwarsa mai bi masa, uwa ɗaya uba ɗaya, a gida ɗaya muka tashi a Sabo, unguwar Hausawa ta Ibadan, bayan layin masu goro. Ba cikar shekarun kaɗai ta sa na zauna rubutun nan ba. Kwanan baya ina tsintar shinkafa rediyo na kunne, wasu 'yan siyasa biyu suna sa-in-sa a kan ƙungiyoyin ma'aikatan gwamnati. Ɗaya ya ce a kafa doka, duk mai aikin asibiti ko ruwa ko lantarki kada ya ƙara tafiya yajin aiki. Ɗayan ya ce in an yi haka an mayar da ma'aikaci bawa. Su biyun muryarsu tar, kana ji ka san ba wanda aka taɓa fasa wa kai a bakin get. Na kashe rediyon, na daɗe zaune da faranti a cinya.

A farkon shekarun tamanin Yaya ya sami aikin tuƙa motar ɗaukar marasa lafiya a wani asibitin gwamnati da ke cikin gari. A Sabo ta wancan lokaci abin mamaki ne. Ɗan unguwa ko dai ya bi goro, ko shanu, ko canji, ko ya yi alaru, wato dako, a tasha kafin ya tara jari. Aikin gwamnati na masu gari ne, wato Yarabawa. Amma shi tun yana ƙaramin yaro yake jin Yarbanci kamar a Oje, can cikin tsohon gari, aka yanke masa cibiya, kuma tuƙi a hannunsa yake. Inna ba ta kiran sunansa, don shi ne ɗan fari. Daga ranar da ya shigo gida da farar riga mai aljihu biyu, sai ta koma ce masa Direba, har ya bar duniya.

Ba ya cikin masu son taro. Wanda ya ja shi ƙungiya shi ne Baba Rasaki, wani dattijon Bayarabe da ke sashen wanki, wanda hannayensa duk suka zazzage saboda wanke zannuwan jini babu safar hannu. Da soja suka karɓi mulki aka fara rage ma'aikata, mutum zai zo aiki da safe ya tarar an kore shi, ba laifi ba bayani. Masu shara, masu tura gado, masu gadi, su aka fara kwashewa. Baba Rasaki ya ce wa Yaya, masu gadin nan yawancinsu mutanenku ne, ba su jin Turanci, ba su jin Yarbanci sosai, wa zai yi magana da bakinsu? Haka Yaya ya zama wakilin ƙananan ma'aikata.

Dukan farko na tuna shi kamar jiya. Sun taru a bakin get da hantsi, ba sanda ba dutse, sai 'yan kwalaye da aka yi wa rubutu. Motocin 'yan kwantar da tarzoma suka zo suka tare hanya ta gaba da ta baya, sannan aka saki barkonon tsohuwa. Mutane suka yi ta faɗuwa a kan juna. Wata mai shara mai tsohon ciki ta faɗa kwata, aka bi ta kanta da takalma. Aka ware waɗanda ake ce wa shugabanni, aka tuɓe musu riguna, aka sa su tsallen kwaɗo a kan kwalta mai zafi, ana zuba musu koboko. Da Yaya ya ɗaga kai ya ce a bar Baba Rasaki, dattijo ne, sai aka amsa masa da gindin bindiga a baki. Haƙoransa na gaba a nan suka zube.

Da la'asar aka kawo shi gida a kabu-kabu. Matarsa Mairo ta kasa taɓa shi, sai kuka. Ni na dafa ruwa da gishiri na gasa masa baya. Fatar ta tsattsage layi-layi, rigar ciki ta manne da nama, sai da na jiƙa ta sannan ta fita. Inna na tsaye a ƙofar ɗaki.

"Direba, ka bar aikin nan. Kawunka zai ba ka kwandon goro ka fara."

Bakinsa ya kumbura, da ƙyar maganar ta fito. "Inna, in na bari gobe wani za su daka, kuma shi ba shi da kawu mai goro."

A ran nan unguwa tana tare da shi. Maza suka yi ta shigowa sannu, mata suka aiko da kunu da farfesu. Ba mu san cewa akwai ranar da unguwar za ta juya masa baya ba.

Ranar ta zo a farkon shekarun casa'in. An daɗe ba albashi, magani babu, motarsa kanta tana kan duwatsu babu taya. Ƙungiya ta yanke a rufe asibitin gaba ɗaya. A wurin taron Yaya ya miƙe ya roƙa a bar ɗakin haihuwa da na gaggawa a buɗe. Aka yi masa ihu, wasu suka ce an saye shi. Suka ce in dai akwai ƙofa ɗaya a buɗe, gwamnati ba za ta taɓa jin zafi ba. Aka ɗaga hannu, aka rinjaye shi. Ya bi abin da aka yanke, domin a wurinsa wanda ya shiga taro ya yarda da hukuncin taro. Aka sa sarƙa da kwaɗo a get.

Muna da maƙwabci, Malam Tanimu mai goro, katangarmu ɗaya. Matarsa Indo ƙawata ce, tare muke suyar ƙosai da awara a cikin gida yara na kai mana talla. Naƙuda ta kama ta, ta wuni ta kwana, ungozoma ta ce abin ya fi ƙarfinta. Da safe aka sa ta a tasi, ni na riƙe kanta a cinyata. Muka isa asibitin muka tarar da sarƙa. Malam Tanimu ya yi ta jijjiga ƙarfen yana kiran sunan Yaya, yana Hausa yana Yarbanci, "E jo, e jo, ku buɗe don Allah!" Ba kowa sai mai gadi, shi ma ba makulli a hannunsa. Muka juya neman asibitin kuɗi. Jini ya jiƙe zanena har ƙasan motar. Ba mu wuce Mokola, unguwar da ke maƙwabtaka da Sabo, ba na ji kan ya yi nauyi a cinyata. Ita da abin da ke cikinta, duka.

Bayan an dawo daga maƙabarta, Yaya ya je gaisuwa. Mutane na zaune a kan tabarmi a ƙofar gida, ba wanda ya matsa masa wuri. Ya durƙusa gaban Malam Tanimu zai yi magana. Mutumin da ban taɓa jin ya ɗaga murya a kan ko akuya ba ya zaro wuƙar da yake yanka igiyar huhun goro, ya kai masa sara. Ta shiga daga ƙasan kunne ta gangaro har haɓa. Da ba don wani ya riƙe hannun a sara na biyu ba, da a ranar muka yi makoki biyu. Ina daga soro na ga jini na tsartuwa a kan farar tabarma, na ga Yaya ya dafe wuyansa, bai ko ɗaga hannu ya kare kansa ba.

Wani mai kemis ne ya ɗinke shi, babu allurar kashe zafi. Manyan unguwa suka tambaye shi ko za a kai magana wurin 'yan sanda. Ya ce a'a. Ya ce, "Da ni ne, ban san abin da zan yi ba." Bayan sadakar arba'in Malam Tanimu ya kwashe 'ya'yansa, ya hau mota a tashar Ojoo ya koma arewa. Bai sallami kowa ba, ba mu kuma ƙara jin labarinsa ba.

Da yawa a Sabo sun daina gaisa da Yaya. Akwai masu tashi daga sahu in ya tsaya kusa da su. Ni kaina na yi watanni ina kai masa abinci ba na iya kallon fuskarsa, don in na ga ɗinkin nan Indo nake gani. Na zaci zai bar ƙungiya. Bai bari ba. Ya koma da tabonsa, duk taron da aka yi sai ya miƙe ya ba da labarin tasin nan, har suka gaji suka amince: ko wane irin yaji za a yi, ɗakin haihuwa da na gaggawa ba za a ƙara sa musu kwaɗo ba. Wasu abokan aikinsa ba su yafe masa wannan ba, suna cewa ya karya wa ƙungiya ƙarfi. Gida ana ce masa mai kashe mata, wurin aiki ana ce masa ɗan koren gwamnati.

In na ji masu gardamar yau, nakan rasa ɓangaren da Yaya zai zauna. Mai cewa a hana yaji, na san zai tambaye shi: to in an hana, ranar da aka kori mai shara ba dalili, wa zai tsaya mata, kai? Mai cewa yaji haƙƙi ne ba a taɓa shi, zai tambaye shi ko ya taɓa riƙe kan mace a bayan tasi. Su kuma shugabannin ƙungiyoyin yanzu, masu kiran yaji da safe su janye da yamma bayan an shiga ɗaki an fito, ban jin zai iya zama da su ko na shan shayi. Abin da zai fi ɗaure masa kai shi ne yadda aikin kansa ya narke. Sharar asibiti, wanki, gadi, tuƙi, yawanci an miƙa wa 'yan kwangila. Mutanen da ya zubar da haƙora dominsu yau ba ma'aikatan gwamnati ba ne balle su shiga ƙungiya.

A tsakiyar shekarun casa'in ƙasa ta ɗauki zafi. Soja suka rushe shugabancin ƙungiyoyi suka ɗora nasu mutanen. Ma'aikatan asibitin suka rabu biyu, masu bin sabon shugabancin da masu ƙi. A Sabo kuwa tsoro ake, ana cewa rigimar nan ta siyasar masu gari ce, Bahaushe ya kama kansa. Mairo ta roƙe shi, Inna ta roƙe shi. Ya ce taro ɗaya ne ya rage, a gindin mangwaron da ke bayan garejin asibiti, da rana tsaka, kowa na gani.

Abin da ya faru Baba Rasaki ne ya faɗa mana. Ana cikin magana danfo biyu, ƙananan bas na haya, marasa lamba suka shigo da gudu. 'Yan daba suka duro da adduna da gorori masu ƙusa da fasassun kwalabe. Ba su tambayi kowa komai ba. Wata mai wanki suka fara sara a kafaɗa. Mutane suka watse, Yaya ya riga ya kama katanga, ƙafarsa ɗaya ta haye. Sai ya waiwaya ya ga Baba Rasaki a ƙasa, mutum uku a kansa. Ya sauko. Ya ɗauki ƙarfen kwance taya ya shiga tsakaninsu, ya karya wa ɗaya hannu. Sauran suka bar Baba Rasaki suka yo kansa. Sun sare shi a ka, a baya, a hannun da ya ɗaga. Da ya faɗi ba su daina ba. Ɗakin gaggawa na kusa, an kai shi da rai, likitoci sun yi iyakar yinsu. Kafin la'asar ya cika. Har yau ba a kama kowa ba.

Da gawar ta iso Sabo, unguwar da ta yi shekaru tana gudunsa ta tashi. Samari suka fito da wuƙaƙe da takubba da galan na fetur, suna cewa Yarabawa sun kashe namu, yau Mokola za ta ƙone. Ana cikin haka sai ga Baba Rasaki a ƙafa, kai naɗe da bandeji, rigarsa duk jini, shi kaɗai. Suka yi masa zobe. Wani ya riga ya shaƙe masa wuyan riga. Inna, wadda ta yi shekaru ba ta leƙa ƙofar gida da rana ba, ta fito babu takalmi.

"Ku sake shi. Baƙona ne."

Dattijon ya kwanta rub da ciki a gabanta irin gaisuwarsu, yana kuka. Da ya ɗago ya ce da Hausarsa mai gargada, "Mama, waɗanda suka sare shi, wasu Yarbanci suke yi, wasu Hausa suke yi. Na ji da kunnena."

Inna ta dubi samarin. "Kun ji. Wanda yake son Direba ya ajiye ƙarfe ya je ya yi alwala."

Ba duka suka ji daɗi ba, amma sun ajiye. Ba a ƙona ko rumfa ɗaya ba.

Me ya rage na Yaya Mudi? Ba titi da sunansa, ba hoto a ofishin ƙungiya. Matasan Sabo na yau ba su san shi ba. Tsofaffin kuma har yanzu sun kasu, wasu su ce jarumi, wasu su yi shiru su kau da kai, kuma ban ga laifin kowanne ba. Ni da na wanke bayansa, na kuma riƙe kan Indo, ban iya zaɓar ɗaya na yar da ɗaya ba.

Ya bar 'ya mace, Bilki, tana goye a bayan uwarta lokacin da aka kashe shi. Yanzu ma'aikaciyar jinya ce, a ƙarƙashin ɗan kwangila, ba fansho ba hutun haihuwa. Watan jiya ta zo ta zauna a bakin gadona, ta ce ita da abokan aikinta za su taru a bakin get su nemi a bar su su kafa ƙungiya.

"Gwaggo, in je?"

Sai na ba ta labarin nan duka, ban rage mata ko jinin tasin ba. Ta saurara har ƙarshe, ta share ido, ta ce za ta je, amma ba za ta yarda a kulle ƙofa a kan mara lafiya ba.

Na ce to, Allah ya tsare. Na ce ta jiƙa ƙyalle ta sa a jaka saboda barkonon tsohuwa, kuma ta cire takalmin nan mai tsini, ta sa wanda za ta iya gudu da shi.