Cikin Kawu Tasi'u

Duk wanda ya taɓa jiran adaidaita sahu a Fagge ya san muryar Kawu Tasi'u, ko da bai san fuskarsa ba. Shi ne ke zama a gaban motar maganin gargajiya mai lasifika a ka, yana jero cututtuka kamar mai kirari. Ƙanen mahaifiyata ne. Da can dako yake yi a tashar jirgin ƙasa. Da harkar jirgi ta ja baya, wani Alhaji mai sayar da magani ya ji yadda yake kiran fasinja, ya ɗauke shi aiki. Da muryar nan yake ciyar da 'ya'yansa. Abin da ya fi yawan faɗa shi ne, mai ƙari a ciki kada ya yarda a farke shi kamar rago, maganin Alhaji na narkar da shi.

Bara da na gama jami'a na dawo gida, sai na tarar wuyansa ya rame, cikinsa kuma ya turo ta gefe guda. Abokan aikinsa har tsokanarsa suke yi.

"Tasi'u, wata nawa ne? Mu fara neman ragon suna?"

"Ku dai tanadi itacen wankan jego," in ji shi, yana dariya yana dafe wurin.

Ya yi ta ɗirkar maganin Alhaji har tuwo ya daina zama a cikinsa. Na roƙe shi mu je asibiti.

"Ruwaida, a gan ni a layin likita? Ran nan Alhaji zai karɓe makirfonsa. Me yara za su ci, digirinki?"

Sai da amai ya kayar da shi ya yarda, da sharaɗin kada kowa ya ji. Na kai shi Sabon Gari, wurin ɗaukar hoton ciki inda ƙawata Chioma ke aiki. Ko gaisuwa bai amsa ba, don kada a gane muryarsa. Likita ya duba hoton ya ce ƙari ne a jikin hanji, ya kusa toshe hanya, kuma da an zo da wuri da ba sai an yanke wani sashe na hanjin ba.

Kawu ya aika wa Alhaji cewa ya tafi ƙauye hutawa, aka yi masa aiki. Ni aka nuna wa abin da aka ciro a cikin roba, ya kai girman gwanda. Gwaji ya nuna ba ciwon daji ba ne.

Ɗinki bai gama kamewa ba ya koma bakin aiki. Makon jiya ina tsallaka titi na hango motar, mutane sun kewaye ta, Alhaji da kansa riƙe da makirfo.

"Jama'a, ga shaida. Kun ga cikin Tasi'u bara. Tashi su gan ka. Ba wuƙa, ba allura."

Kawu ya miƙe, ya shafa cikinsa ta saman riga. Mutumin da maganinsa ya kusa kashe Kawu, shi ne yau ke tallar aikin likita da sunan aikin maganinsa ne. Na kutsa cikin mutane.

"Kawu, ɗaga rigar su ga ɗinkin."

"Wuce gida, Ruwaida," ya ce a hankali, nesa da makirfo.

"'Yar boko ce, a yi mata uzuri," in ji Alhaji. Aka kwashe da dariya.

Wata dattijuwa da cikinta ya ɗaga hijabi ta miƙa hannu. Kawu ne ya ƙulla mata maganin a leda, kansa a sunkuye. Na bi ta har bakin layinsu ina gaya mata abin da aka ciro, da inda aka yi hoton, ina rantsuwa. Ta saurare ni har na gama.

"Allah ya yi miki albarka, 'yan nan," ta ce. "Amma ni da idona na ga mutumin."